Takwas a Birni, Sha Ɗaya a Tsallake

Wata bakwai da yi wa Ma'azu dashen ƙoda, zama ya gagare shi. Manomin shinkafa ne a Kende, ƙodar kuwa ƙanwarsa Riskuwa ce ta kwanta aka yanka ta, aka ciro aka ba shi.

Likita ya ɗora shi kan maganin da ke hana jiki ƙin baƙuwar ƙoda, safe da yamma, har iya rayuwa. Ya ce a riƙa ɗibar jini ana auna yawan maganin, kuma a asibitinsu na birni kaɗai. Awon ƙarshe ya nuna takwas. Ma'azu ya riƙe cewa an ce kada ya wuce goma.

To, sai hannunsa ya fara rawa. In ya ɗauki moɗa sai ruwa ya zube. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya je gona, ya dawo bai taɓa komai ba. Ga damina ta ci hanya, birni tafiyar wuni guda ce.

Ɗanmusa, abokinsa mai kai mutane iyaka a babur, ya yi masa dariya. "Kai dai ka cika son wahala! Ga masu awon jini nan tsallaken iyaka, ƙasar Benin. Mu tahi da hantsi, mu yi la'asar gida. Jini ai jini ne."

Suka je. Bayan kwana huɗu takarda ta fito da Faransanci. Ma'azu bai gane komai ba sai lamba: sha ɗaya.

Ya shimfiɗa takardun biyu, ta birni da ta tsallake, a tabarma, ya dubi wannan, ya dubi waccan. Riskuwa ta shigo ta tarar da shi haka.

"Yaya, mi ya faru?"

"Magani ya yi min yawa. Ga shi nan, ya wuce goma. Shi ya sa hannu ke rawa. Na safe kaɗai zan riƙa sha."

"Ka kira likita tukuna."

"Ke, ni ban iya lissafi ba ne? Sha ɗaya ta fi goma ko a wace ƙasa."

Rawar hannu ta tsaya, har ya riƙa yi wa Riskuwa tsiya a kai. Mako na biyar fitsari ya ragu, ƙafafu suka kumbura, zazzaɓi ya kwantar da shi. Aka kwashe shi sai birni.

Bayan 'yan kwanaki ana jinya, likita ya karanta takardar Faransancin, ya dubi Ma'azu.

"Malam Ma'azu, kai manomi ne. In an auna shinkafa da ƙaiƙayinta, aka sake auna ta bayan an sheƙe, awon zai zo ɗaya?"

"A'a."

"To na'urarmu tsabar maganin take aunawa. Irin tasu tana haɗawa da ragowar da jiki ya riga ya narkar, sai lamba ta hau. Ba ƙarya suka yi ba, kowa da ma'auninsa. Sha ɗayansu ita ce kusan takwas ɗinmu. Maganinka daidai yake, kai kuma ka je ka rage shi. Da ka kira ni, da na duba rawar hannun."

Riskuwa ta ce, "Likita, ƙodar fa?"

"Jikinsa ya ƙi ta. Mun yi iya yinmu, ba ta tashi ba. Sai dai ya koma wankin jini, sau biyu a mako."

Ma'azu ya juya fuska bango. Riskuwa ta dafe gefen cikinta, wurin tabon.

"Yaya," ta ce, "guda ta rage min. Ba ni da wata da zan ba ka."

Jama'a, ku ji da kyau. Wanda aka yi wa dashe ya tsaya wurin awo guda, in dole ta kai shi wani wuri ya kai wa likitansa takardar. Kada ka gwama lambar nan da ta can, kada ka rage ƙwaya ko ɗaya da ra'ayinka. Gaɓar da ke jikinka amanar wani ce.