Maɗatai Bakwai na Bakin Rafi

Tun da aka kafa dokar inuwa, ba mai kafa rumfa a karkara sai na'urar ƙaramar hukuma ta yarda. Barau mai tsaga katako ya yi sammako zuwa ofishin ƙaramar hukuma neman izini, domin damina ta kawo kai, katakonsa kuwa yana fili, ruwa zai ruɓar da shi.

Ma'aikaciyar, Talatu, 'yar ƙanwarsa ce. Ta juyo masa allon na'urar.

"Kawu, inuwarka ba ta kai ba. Ba a ba da rumfa sai mutum yana da bishiya bakwai da sunansa."

"To maɗatan nan bakwai na bakin rafi fa? Kakanki ne ya shuka su da hannunsa."

"Na gan su. Amma in na sa su da sunan mai katako, na'ura za ta yanka wa kowanne ranar sarewa. Duba, har ta fara."

Barau ya leƙa. A ƙarƙashin hoton babban maɗacin, inda mata ke hutawa in sun taso daga gona, an rubuta: saura shekara uku.

"Goge."

"Haba Kawu, katakon naka fa?"

"Ke Talatu, shekara talatin ina tsaga itace. Na san wanda aka shuka don zarto, kuma waɗannan ba su ba ne. Goge."

Ta goge.

Da la'asar hadari ya haɗo. Labarin abin da Barau ya yi ya riga shi isa ƙauye, sai ga mutane suna ɗaukar katakon a ka, kowa yana shigar da biyu ko uku zaurensa. Dokar ba ta ambaci zaure ba.

Barau na tsaye a iska yana ɗaga murya: "Ku kwantar da su sosai, kada su karkace!"