Muryar 'Yarta a Sabuwar Waya

Ga misali ga duk mai shiga kasuwa ya bar hayaniya ta zaɓa masa kaya. An yi wata dattijuwa mai sana'ar daddawa, aure ya kai 'yarta tilo mace can Fatakwal. Tsohuwar ba ta iya karanta saƙo, don haka murya ce kaɗai ta rage tsakaninta da yarinyar: a kira a gaisa, ko a turo saƙon murya ta saurara tana shanya kalwa. Da wayarta ta lalace, sai ta kwance bakin zane ta ba ɗanta ribar da ta tara, ta ce abu guda take so, wayar da za ta riƙa jin 'yar'uwarsa sosai. Ɗan ya shiga birni. Mai shago ya ajiye masa wayoyi biyu. Ɗaya ba ta da wani ado, kuɗinta da sauƙi, sautinta bai wuce ya cika ɗaki ba, amma tas yake fita. Ɗayar ta fi tsada nesa ba kusa ba. Mai shagon ya sa mata kiɗan kalangu ya ƙure ƙara, har masu wucewa suka waiwayo, wani mai rake ya ɗan taka rawa. Ɗan ya ga an waiwayo, shi ke nan ciniki ya faɗa. Ko sau ɗaya bai ce a sa maganar mutum ya ji ba, alhali abin da aka aiko shi saye ke nan. Mai shagon kuwa ya san kayansa sarai, ya san dalilin da ya sa kullum da ganga yake gwada wannan waya. Ya karɓi gumin tsohuwa, har da addu'ar Allah ya sa albarka.

Ranar da saƙo na farko ya shigo, muryar ta fito da ƙarfi har kaji suka watse a tsakar gida, amma ba muryar da uwar ta sani ba ce. A dishe take, tana tsagewa a ƙarshen kowace kalma, kamar ta wadda ta daɗe tana tari ko ta sha kuka. Ta kira ta tambaya ko lafiya. Yarinyar ta ce lafiya lau, da wannan tsagaggiyar muryar, kuma amsar ce ta fi tayar mata da hankali, domin ita da bakinta ta koya mata cewa mace ba ta fallasa sirrin gidan miji. Ta kai kukanta ga ɗan. Ya yi dariya ya ce, "Inna, kunnenki ne ya tsufa. Kaf unguwar nan babu waya irin taki." Dubi rashin ta-ido! Matar da ke rarrabe kukan awakinta ɗaya bayan ɗaya tana cikin ɗaki, ita za a ce wa kunnenta ya tsufa, don kawai kada wani ya yarda an cuce shi a kasuwa. Ita ta san kunnenta lafiya lau. Wayar kuma ba ta zarge ta ba, wa ke zargin abu mai tsada? Saura mutum ɗaya ke nan, mijin yarinyar. Abinci ya daina shiga mata. In surukin ya kira gaisuwa, sai ta miƙa wa wani wayar. Daga baya ta aika wa iyayensa magana mai zafi, cewa aure ta ba su, ba ta ba su 'yarta su ƙarasa ta a ƙasar da ba ta da kowa ba. Sannan ta sayar da akuyarta mai ciki a farashin da mai saye ya ga dama, ta sayi zuma da citta da kanumfari, ta nufi tasha, ita da ba ta taɓa wuce Zariya ba. Ta sha zaman mota har ƙafafunta suka kumbura, tana ta jera kalmomin da za ta faɗa wa azzalumin kafin ta ɗauko 'yarta.

Ta tarar da yarinyar a ƙofar gida tana shanya, ta yi ƙiba, kumatu sun ciko. Da ta hango ta sai ta ƙwala kiran "Inna!" da murya garau, irin wadda uwar ta san ta da ita tun tana ƙarama. Tsohuwar ta tsaya riƙe da kwalbar zuma. Da aka zauna ta faɗi abin da ya kawo ta, yarinyar ta shiga ɗaki ta kira wayar uwar. Tsohuwar na tsakar gida, kunne ɗaya yana jin 'yarta ta taga lafiya ƙalau, ɗaya kunnen yana jin wata majinyaciya tana kakari a tafin hannunta. Ba a jima ba surukin ya dawo daga kasuwa. Maganar da aka kai wa iyayensa ta riga ta iso masa, amma ya cire takalmi ya durƙusa har ƙasa ya yi mata sannu da hanya. Akuya ta tafi, ƙafa ta kumbura, duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya rage mata shi ne ta buɗe baki, da furfurarta, ta roƙi gafarar yaron da ko sunansa ba ta faɗa don kunya. Mai shago yana can yana kaɗa wa wani kalangu. Masu iya magana sun riga sun faɗa: ba girin-girin ba dai, ta yi mai.