Agogon Matuƙin Jirgi

Sai da Injiniya ya sa farar safar hannu kafin ya buɗe akwatin, kamar likita zai shiga tiyata. 'Yan ƙungiyar masu tara tsofaffin agoguna, da suka taru a falonsa, suka miƙo wuya. Yau za su zaɓi shugaba, dokarsu kuwa ɗaya ce: wanda agogonsa ya fi tarihi, kujera tasa.

Su dai waɗannan bayin Allah ba ruwansu da agogo mai lafiya. Fuska ta koɗe, gilashi ya sha ƙarzuwa, to nan ne za ka ga ƙato yana share ƙwalla. Lokaci kuwa a waya suke dubawa.

Na Injiniya irin mai maɓalli biyu ne a gefe: ka danna, dogon hannu ya kama ƙirga daƙiƙa; ka sake dannawa, ya tsaya cak. Shekara uku yana bin dillali kafin ya sallama masa. Ba ƙaramin ci gaba ba ne ga wanda ya fara da agogon roba mai kukan tsuntsu, shi ma da wani tarkacen babansa ya yi musayarsa yana sakandare.

"Kun ga wannan lotsawar?" in ji shi. "Matuƙin jirgin yaƙi ne ya faɗo da shi. Jirgi ya ƙone, agogo ya tsira."

Babban abokin takararsa, Lauya, ya taɓe baki. "To danna mu gani, ranka ya daɗe. Ko shi ma ya yi shahada?"

Injiniya ya danna. Shiru. Ya ƙara. Hannun agogo ko gezau. Gumi ya fara jiƙa safar.

Daidai nan mahaifiyarsa, da ta zo ganin likitan ido, ta shigo falon neman tabaranta. Ta tsaya gaban teburin, ta ƙura wa agogon ido har aka fara jin nauyi.

"Mama, don Allah kar ki taɓa, ba irin na kasuwa ba ne," in ji Injiniya.

Ina! Ta riga ta ɗauka, da hannun da ko gogewa ba ta yi ba. Masana suka dafe ƙirji. Ta kifa shi, ta ƙwanƙwasa bayansa sau biyu da farce, ta tura maɓallin gefe guda, ta danna. Dogon hannu ya kama tafiya tiryan-tiryan.

Falo ya ɗauki tafi. Injiniya ya gyara zama, har ya fara jin laushin kujerar shugaba.

Lauya ya russuna. "Mama, ashe ke ma masaniya ce?"

"Wace masaniya, ɗan nan? Da shi babansu yake auna dahuwar ƙwai kafin ya ɓace mana, kuma tun ranar da wannan matuƙin jirgin naku ya maka shi da ƙofar banɗaki yana ɗan shekara huɗu, sai an yi masa haka yake tashi."