Titin da Ya Kauce wa Gidan Kaka

Farfesa yana laluben fensirinsa a aljihu, fensirin kuwa yana maƙale a bayan kunnensa, ɗalibai arba'in suna kallo babu mai ƙarfin halin gaya masa. Haka ake yi a kowace lacca a sashen tarihin gine-gine da tsara birane. In ya gaji da nema sai ya ɗauki alli ya zana abin da ya fi ƙauna a duniya: wani titi a tsohuwar unguwa da ya miƙe samɓal, ya zo tsakiya ya karya kwana ba gaira ba dalili, sannan ya koma kan hanyarsa.

Littafi guda ya rubuta a kan kwanar nan. A cewarsa magabata ne suka lanƙwasa titin shekara ɗari uku da suka wuce, don su karya ƙarfin iska, su kuma rikita mahara. Wanda ya haddace wannan ya ci jarrabawa. Wanda ya yi gardama kuwa, sai dai baɗi. Duk zango yakan kwashi ɗalibai a bas su je su gani da idonsu, amma shi ba ya sauka, wai ciwon gwiwa.

Wata ɗaliba da ake kira Auta ta riga ta sha ƙasa sau ɗaya a binciken kammala digiri. Wannan ce damarta ta ƙarshe. In ta sake faɗuwa, jami'a za ta sallame ta hannu rabbana bayan shekara shida. Don haka ta zaɓi abin da bai taɓa kayar da kowa ba, wato kwanar Farfesa. Ga shi kuma gidan kakarta a nan yake, daidai inda titin ya kauce.

Ranar da ta je awo, kakar tana zaune a ƙofar gida tana tsefe kan wata jikarta. Da ta ji abin da ake koya musu, dariya ta yi har da riƙe ciki.

"Shekara ɗari uku? Ke 'yar nan, na yi miki kama da mai shekara ɗari uku? A gabana aka yi titin nan!"

Ta ce tana budurwa aka zo za a fasa titi ta tsakiyar gidan mahaifinta, har an shafa jan fenti a bango. Wani saurayi ofishin tsara gari ya turo da igiyar awo. Aikin kwana biyu ne, ya yi wata uku yana yi, kullum sai ya dawo wai ya manta wani abu a zaure. Rana ɗaya dai aka wayi gari titi ya kauce, gida ya tsira. Ita kuwa da shekara ta zagayo ta auri direban babbar mota, don shi ya iya buɗe baki ya yi magana.

Auta ta tattara kayan awonta. Ta tafi ɗakin ajiyar tsofaffin takardu na ofishin tana addu'ar Allah ya sa ruɗin tsufa ne. Ina! Taswira biyu ta tarar a fayil ɗaya, tsakaninsu wata uku. A ta farko titi a miƙe, a ta biyu ga kwana. Wurin sa hannu a ta biyun an yanke shi tsaf da reza.

Ƙawayenta suka ce ta rufa wa kanta asiri, ta rubuta iska da mahara kamar kowa. Ta so ta ji, wallahi ta so. Amma taurin kan kakar nan ita ta gada kaf. Ta zauna ta rubuta babi na huɗu, ta liƙa hoton taswirorin, ta miƙa.

Ranar kare bincike malamai uku ne a kan teburi, Farfesa a tsakiya. Tana cikin bayanin babin shugaban sashe ya buga teburi, ya ce wannan rashin kunya ce, an kawo hirar tsofaffi a rushe aikin shekara talatin. Ɗayan malamin ya riga ya fara rubuta wani abu gajere a takardarsa. Auta ta rufe takardunta. Shi ke nan, shekara shida sun tafi a banza.

Farfesa ya jawo kundin binciken gabansa. Ya daɗe yana kallon taswira ta biyu, yana shafa aljihunsa ɗaya bayan ɗaya, gumi na tsattsafo masa duk da fanka na juyawa. Can ya yi gyaran murya, ya ce bai taɓa ganin bincike mai kyau irin wannan ba, a ba ta maki mafi girma. Sharaɗi ɗaya ne: kundin a ofishinsa zai zauna, a cikin durowa mai makulli, don ƙarin nazari.

Ta fito jiri na ɗibarta don murna. Ba ta kai matakala ba ta ji takun sauri a bayanta, saurin da ba na mai ciwon gwiwa ba. Farfesa ne. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya zaro fensirin daga bayan kunnensa ya nuna ta da shi, ya yi ƙasa da murya.

"Ki gaya wa kakarki har yau ban yafe ba. Titi guda na lanƙwasa mata, ta tashi ta auri direba!"