Kafin Lubabatu Ta Koma Dumega

Luƙman, malamin makaranta, ya daɗe tsaye gaban allon sanarwa a ɗakin karatun Dogon Dutsi. An rubuta cewa Lubabatu mai ba da littattafai za ta koma Dumega.

Ta taso da littafi a hannu, idonta a ƙasa. "Malam, ga wanda na zaɓa maka."

Bai karɓa ba. "Yaushe za ki tahi?"

"Ran Litinin."

"Lubabatu, ba karatu kaɗai ke kawo ni nan ba. In kin yarda, kawuna zai je wurin Baba gobe."

Ta shafa bangon littafin. Can ta ɗago da murmushi.

"Ka ce mashi ya yi sammako. Baba ba ya kai hantsi a gida."