Wutar da Isyaku Ya Ja wa Kicin

Shekara shida Uwani tana girki a wata 'yar rumfa a tsakar gidansu da ke Gyaɗi-Gyaɗi. Zoɓo da kunun aya take yi, masu shagunan unguwa suna zuwa su sara. Da damina ruwa ya dake ta, da bazara rana ta gasa ta. Shi ya sa ranar da mijinta Isyaku ya kawo birkila aka fitar mata da kicin a jikin ɗakinta, murna ta hana ta zama.

Aka yi rufi, aka sa tayil, aka jawo famfo. Saura wuta.

Isyaku yana da shago a Tarauni, yana sayar da caja da soket da ƙwan fitila. Don haka gani yake babu abin da ya shige masa duhu a harkar lantarki. Wata Asabar da hantsi ya baje kan tabarma yana kallon bidiyon masu haɗa wutar lantarki a wayarsa, yana zane a bayan kwalin taliya: nan firiza, nan hita, nan injin markaɗe.

Uwani ta ce, "Baban Ummi, ba za ka kira Malam Maje ba?" Malam Maje maƙwabcinsu ne, ya fi shekara ashirin yana aikin wuta.

"In kira shi ya yi min me? Kullum da kayan nan nake wuni. Ja da baƙi ne kawai, ki haɗa, wuta ta kawo."

Yana tsakiyar aikin sai ga Malam Maje ya yi sallama, ya shigo ganin sabon gini. Ya ɗaga wayar da ke ƙasa ya murza ta a yatsa, fuskarsa ta canza.

"Malam Isyaku, wannan ai ta fitila ce, ba za ta ɗauki firiza da hita ba. Ina wayar da za ta sauke wuta cikin ƙasa? Ga kuma soket a bakin famfo. Don Allah ka bari in zo gobe mu gyara."

Isyaku ya yi dariya ya raka shi zaure. Da ya dawo ya taɓe baki ya ce, "Aiki yake nema."

Kwana uku da gamawa fis, ɗan abin da ke katse wuta idan ta yi yawa, ya fara yankewa duk lokacin da aka kunna hita. Isyaku ya zare shi ya cusa waya mai kauri a gurbinsa, ya ce an huta. Ba a yi mako ba firiza ta fara ja. Uwani ta taɓa murfin ta ji zir har gwiwar hannu.

"Baban Ummi, firizar nan tana ja na fa."

Ko kansa bai ɗago daga kwanon tuwo ba. "Ki riƙa sa silifas."

Sau uku tana maimaita maganar a kwanaki daban-daban, sau uku yana ce mata mata sun cika tsoro.

Ranar Alhamis da azahar ta gama wanke aya, ruwa ya malale tayil, silifas ɗin ma sun jiƙe sharkaf. Ta miƙa hannun dama ta kama ƙarfen firiza. Wuta ta riƙe ta. Ta so ta saki, hannun ya ƙi. Ta so ta yi ihu, sai wani gurnani ya fito. Allah ya sa Husaina, matar Malam Maje, ta shigo aron rariya. Ta wawuri busasshiyar taɓarya ta doke hannun, Uwani ta zube a sume, kicin ya cika da ƙaurin fata.

A asibiti ta farka. Likita ya yi iya ƙoƙarinsa, amma yatsu uku sun ƙone har ƙashi, dole aka yanke su.

Washegari 'yan dubiya suka cika ɗakin. Tana kwance ido a rufe ta ji muryar Isyaku a bakin ƙofa, yana magana a natse kamar mai ba da labarin wani gida.

"Wuta ce aka kawo da ƙarfi. Ita ma da nata sakacin, ta shiga da jiƙaƙƙen hannu. Ƙaddara ce dai."

Malam Maje yana tsaye a wajen, ya kasa haɗiyewa. "Ka ji tsoron Allah, Isyaku. Na buɗe bangon kicin ɗin da safe. Wayar ta narke ta manne da jikin soket. Wuri huɗu da leda ka ɗaure mahaɗa. Da leda! Kada ka jingina wa ƙaddara abin da hannunka ya ƙulla."

Isyaku ya matso bakin gado ya ce, "Uwani, ya jikin?" Ta dubi hannunsa lafiyayye da ya ɗora kan zanen gado. Ta juya fuskarta bango.

Da aka sallame ta, gidan iyayenta a Babban Giji ta wuce da 'yarta Ummi. Sana'a ta tsaya, don hannun ba ya iya murza aya, ko ƙulla leda ba ya yi. Yanzu tana da shekara talatin da biyu tana koyon ɗaura zane da hagu, mahaifiyarta ce ke yi mata tsifa.

Jama'a, kallon bidiyo ba ya mayar da mutum mai aikin wuta. Idan za ku ja lantarki a gida, musamman kicin inda ruwa da wuta suke zama wuri ɗaya, ku kira wanda ya koyi aikin, kuma ku ji maganarsa. Gangancin maigida a jikin iyalinsa yake ƙarewa.