Takardar Saurar Jika

Sau tara Barmo yana zuwa buro, wato ofishin gandun daji, sau tara ana koro shi. Daga ƙauyensu na gabas da Gazawa yake tasowa a kan jaki, ya zauna a bakin ƙofa har rana ta take, sannan mai gadi ya leƙo ya ce masa takardar Nasara ba ta talaka ba ce.

Abin da yake nema bai taka kara ya karya ba. So yake a karanta masa takardar da ta mai da saurar ubansa Jika gandun gwamnati. Gona ce suka bari ta huta kamar yadda kowa ke yi, gawo da kalgo suka cika ta, ana jiran shekarar da za a koma a share. Sai aka wayi gari an kakkafa duwatsun siminti a gefenta. Daga ranar, ko icen girki matarsa Dija ta saro a ciki, sai an ƙwace mata gatari. Barmo ya koma noman wani faƙo da ba ya ba da dami goma, 'ya'yansa maza biyu suka tsallaka Katsina ci-rani, har yau ba su waiwayo ba.

An gaya masa cewa Nasara ba ya kafa dutse sai wani ɗan gari ya ba da shaida wurin ba mai shi, kuma sunan mai shaidar yana cikin takardar. Barmo bai nemi boka ba. Ƙanensa Hashimu ne ya yi wa masu awo dako a shekarar, shi ya riƙa ja musu sarƙa, yana zaune suna karatunsu tafinta na fassarawa. In ba shi ba, wa?

Shekara goma sha huɗu Barmo bai amsa gaisuwar ƙanen nasa ba. Ya ja danga tsakanin gidajensu, ya hana yaransu cin abinci a ƙwarya ɗaya. Ranar da mahaifiyarsu ta rasu, tabarma biyu aka shimfiɗa, kowa ya karɓi tasa gaisuwar. Hashimu kuwa bai taɓa buɗe baki ya ce ba shi ba ne, kuma wannan shirun ya ishi Barmo hujja.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne a ce shi aka yi wa wayo. Shi Barmo, da ba majalisar da ba ta haddace labarinsa ba! Zamanin rumbun tsimi, lokacin da ake tilasta wa mai gonaki da yawa ya zuba wa hukuma hatsi da yawa, wani Nasara da tafintansa suka tare shi a daji suna ta tambaye-tambaye. Ya yi musu fuskar wawa, ya ɓoye abin da ya mallaka kaf. Nasaran ya ji daɗinsa har ya tambayi sunansa, ya ba shi ƙwayar sukari uku. Duk sanda ya ba da labarin sai ya yi dariya har da hawaye.

Da aka samu 'yancin kai, aka kawo wani saurayi buron, Usmanu, ɗan lakol, wato ɗan boko, daga Gidan Rumji. Shi ya ce in daji na jama'a ne, to takardunsa ma na jama'a ne. Ya kwaso su daga akwati, ya karkaɗe ƙura, ya shiga bin kasuwanni yana karanta wa mutane iyakar kowane gandu da Hausa. Ya yi kasuwar Agiye, saura ta Gazawa. Barmo ya je ya same shi, karo na goma, ya faɗa masa sunansa da na ubansa, ya roƙi abu ɗaya: kada a tsaya a kan duwatsu, a karanta har da sunan mai shaida.

Ana jibi kasuwa, Hashimu ya zagayo danga ya durƙusa a ƙofar gidan wansa. Ya tsufa fiye da shekarunsa.

"Yaya, don darajar iyayenmu, ka bar takardar ga ta kwanta. Gona ta riga ta tahi."

"Yau ka san da iyaye?" in ji Barmo. "Tashi ka wanke rigarka, jibi gari zai gan ka."

Ranar kasuwa Barmo ya sa rigar sallarsa, ya zauna a sahun gaba, gindin tsamiyar da aka ajiye tebur. Ya gayyato duk wanda ya taɓa ce masa ya yi haƙuri. Can baya ya hango Hashimu tsaye, kansa a sunkuye, sai ya ji wani sanyi a zuciyarsa da ya shekara goma sha huɗu bai ji ba.

Usmanu ya karanta iyakar gabas da ta yamma, ya faɗi yawan gawon da aka tarar, ya faɗi shekarar da aka fara zagaya wurin, shekara biyu kafin a kafa duwatsu. Sai ya tsaya. Ya dubi takarda, ya dubi Barmo.

"Baba, layin nan mu bar shi sai mun keɓe."

"Karanta, ɗana! Da ƙarfi, na baya su ji!"

Usmanu ya gyara murya.

"Mun tarar da wani mutumin garin a cikin wurin, muka tambaye shi ko da mai shi. Ya rantse mana tun kaka da kakanni ba wanda ya taɓa sa fartanya a nan. Mutum ne mai gaskiya, mun ba shi sukari. Sunansa Barmo ɗan Jika."